Me Ousmane Sembène ya yi da ake kiransa uban fina-finan Afirka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Gombe, ina koyon ɗaukar hoto da tace bidiyo. A wajen horo an ce mana Ousmane Sembène na Senegal shi ne uban fina-finan Afirka. Na nemo fim ɗinsa Mandabi na kalla, sai na ga fim ne mai sanyin tafiya, ba waƙa, ba faɗa, dattijo ne kawai yana yawon ofisoshi. Ina abin yabon yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗi da ka kalla da idonka kafin ka tambaya, domin masu ambaton sunan mutumin nan sun fi masu kallon aikinsa yawa.

Fara da sanin wanda ya riƙe kyamarar. An haifi Sembène a 1923 a Ziguinchor, kudancin Senegal, ɗan masunci ne, kuma bai yi nisa a boko ba. Ya yi birkila, ya yi soja a rundunar Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille a Faransa. A can ya fara rubuta littattafai da Faransanci har ya yi suna. Da ya dawo gida sai ya tarar mutanen da yake rubutu a kansu, masunta da leburori da matan kasuwa, ba sa iya karanta abin da ya rubuta. Wannan ciwon ne ya kai shi Mosko koyon fim yana dab da shekara 40. Ya riƙa kiran silima makarantar dare, wato ajin da wanda bai je makaranta ba zai shiga bayan ya tashi aiki. Ka kuma tuna, tun 1934 akwai dokar Faransa da ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka sai da izinin hukuma, don haka Bature ne ya daɗe yana nuna wa duniya fuskar ɗan Afirka yadda ya so.

Yanzu mu koma kan Mandabi na 1968, wanda ya gundure ka. Ibrahima Dieng magidanci ne a Dakar, mata biyu, 'ya'ya bakwai, ba aikin yi. Ɗan 'yar'uwarsa da ke sharar titi a Faris ya aiko da takardar kuɗi ta gidan waya, sefa 25,000, kuma mafi yawan kuɗin ajiya ce, ba nasa ba ne. Kafin ya ga ko sisi, labari ya zaga unguwa, matansa sun ci bashin shinkafa a kanti, masu neman rance sun yi sallama. A gidan waya aka ce sai da katin shaida. Katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto. Takardar haihuwa sai ya faɗi ranar da aka haife shi, shi kuwa bai sani ba. A ƙarshe wani ɗan boko mai kwat da ya amince wa ya cinye kuɗin.

To ƙanena, ka taɓa raka kakanka banki aka ce sai BVN, a wajen BVN aka ce sai NIN, a can kuma aka ce sunan bai zo ɗaya ba? Ka tuna yadda ya tsaya da babbar rigarsa gaban yaron da bai kai jikansa ba, yana "ranka ya daɗe"? Abin da Sembène ya ɗauka ke nan fiye da shekara 50 da suka wuce. Sanyin tafiyar da gangan ne. Yana so ƙafarka ta gaji tare da ta Ibrahima, ka ji nauyin kowane layi da ya bi. Sake kallon farkon fim ɗin, inda wanzami ke masa aski a bakin titi, ya koma gida ya ci ya ƙoshi matansa na hidima. Ba a faɗa maka da baki cewa mutum ne mai ji da kansa ba, an nuna maka ne, don ka ji zafin ranar da takarda za ta mayar da shi ba kowa ba. A ganina nan gwanintarsa take, kuma nan ne finafinanmu na Hausa suka fi rauni: abin da ya kamata ido ya gani, sai mu zaunar da mutum biyu a falo su faɗe shi.

Sai babban abin: da Wolof, babban yaren Senegal, 'yan wasan suka yi magana. Masu ba da kuɗi sun sa ya ɗauki wani da Faransanci, amma na Wolof ɗin ne ya rayu, ya kuma samu kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Venis a Italiya. Kai da ka tashi cikin Kannywood ba za ka ga abin mamaki ba a nan, amma a lokacin ƙofa ce aka ɓalle. Ta nan Souleymane Cissé na Mali ya bi da yaren Bambara har fim ɗinsa Yeelen ya ci kyauta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1987. Mu ma a gida, a 1976 Adamu Halilu ya ɗauki Shaihu Umar da Hausa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda kabarinsa ke nan Bauchi kusa da ku.

Ba na cewa ka yarda da duk abin da ya faɗa. Wani lokaci wa'azin siyasarsa kan rinjayi labarin, kuma Ceddo na 1977, wanda gwamnatin Senghor, shugaban Senegal na lokacin, ta hana nunawa, ya taɓo tarihin shigar Musulunci ta hanyar da Musulmi da yawa ba su ji daɗi ba. Kalle shi da hankalinka.

Kafin nan nemi Borom Sarret na 1963, minti 20 ne kacal. Mai keken doki ne ya ɗauki fasinja zuwa unguwar masu hali inda aka hana irinsa shiga, ɗan sanda ya ƙwace keken, ya koma gida hannu rabbana. Idan ka gama, ɗauki wayarka ka je Tashar Dukku da sassafe, ka roƙi wani mai Keke Napep ya bar ka ka bi shi wuni guda.