Fasaha Ta Waye? Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗalibin injiniya daga Aliero ya tambaya: "Malam, me ya sa ake kiran sashen masu karatun harshe da tarihi Tsangayar Fasaha, alhali mu ne masu fasaha, su kuwa hadda da surutu kawai suka iya?"

Ɗana, fasaha kalmar aro ce daga Larabci, kuma ma'anarta ta asali ita ce iya magana da tsarkin harshe, shi ya sa ake kiran mawaƙi ko marubucin da ya ƙware fasihi. Daga baya Hausawa suka faɗaɗa ta zuwa kowace irin gwaninta, sannan 'yan jarida suka haɗa ta da kimiyya don su ambaci ƙere-ƙeren zamani, har yaran yanzu suka ɗauka cewa da injin aka haife ta. Saboda haka ku ne baƙi a gidan, kuma bai kamata baƙo ya kori mai masauki ba. Ita kanta kimiyyar da kuke tinƙaho da ita, a Larabci ilimin haɗa sinadarai kaɗai take nufi. Na san tushen wannan raini: manufar ilimi ta ƙasa ta ware kashi 60 na guraben jami'a ga fannonin kimiyya, kashi 40 ga sauran, iyaye kuma tun daga sakandare suke tura mai ƙoƙari ajin kimiyya. Amma daga Aliero zuwa Gwandu ba wata tafiya ba ce, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ya zauna can ya wallafa a nahawu da sarfu (ilimin ginin kalma) da waƙa, ban kuwa taɓa jin wanda ya kira aikinsa surutu ba.

Wata ɗaliba daga Gusau ta ce ƙawayenta masu karatun kimiyya suna mata dariya cewa Hausa ma sai an zo jami'a, tana neman karin maganar da za ta mayar musu.

'Yata, ki ce musu "Raina kama ka ga gayya," wato wanda ka ɗauka ba komai ba ne yana iya ba ka mamaki. Sannan ki roƙe su su rubuta shafi guda, ki ƙirga wuraren da suka rikita "ya na" da "yana" ko suka mai da ƙasa kasa.

Wani daga Argungu ya tambaya ko adabi da ladabi suna da dangantaka. Suna da ita, tushensu ɗaya ne a Larabci.