Amsoshin Tambayoyinku: Sauya Manhaja a Tsakiyar Jawabi da Majigi

Tambaya: Ni malami ne, ina koyar da lissafin kuɗi a wata kwaleji. Nakan shirya darasi a PowerPoint, amma a tsakiyar bayani sai in buƙaci nuna jadawali a Excel. Duk lokacin da na sauya, ni ina ganin Excel a gabana, majigi kuwa yana nan kan shafin darasi. Idan na rufe darasin kuma, ɗalibai su zauna suna kallona ina lalube. An ce laftof ɗin ce ta tsufa. In sayi sabuwa?

Amsa: Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna, domin abin da ka bayyana ba alamar tsufa ba ne, kuma sabuwa ma haka za ta yi maka. Tushen matsalar shi ne yadda kwamfuta take ɗaukar majigi. Idan ka danna maɓallin Windows tare da harafin P, za ka ga zaɓi huɗu, biyu daga ciki ne suka shafe mu. Duplicate yana sa majigi ya nuna duk abin da yake kan fuskar laftof, Extend kuwa yana mayar da majigi fuska ta biyu mai zaman kanta. Tun daga PowerPoint na 2013, da zarar ka soma nuna darasi alhali majigi yana jone, manhajar takan koma Extend da kanta, ta tura shafin darasi bango, ta bar maka bayananka na sirri da agogo a gabanka. Saboda haka Excel yakan buɗe a fuskar da ka bar shi, wato ta laftof, ɗalibai ba sa ganinsa.

Ga mai yawan kai da kawowa irinka, shawarata ita ce ka shiga sashen Slide Show a PowerPoint, ka cire alamar da take kan Use Presenter View, wato tsarin da yake nuna maka bayananka na sirri, sannan ka zaɓi Duplicate. Kafin ɗalibai su shigo, ka buɗe fayil ɗin Excel a daidai shafin da kake so, ka ƙara girman rubutunsa domin na kujerun baya, ka rufe duk wata manhajar da ba ka buƙata. Lokacin sauyawa kada ka taɓa Esc, domin shi ne yake kashe nunin gaba ɗaya. Ka riƙe Alt ka danna Tab, ka zaɓi Excel; idan ka gama, danna Alt da Tab sau ɗaya cikin sauri zai mayar da kai shafin da ka tsaya. Ka lura cewa PowerPoint yakan fito sau biyu a jerin, tagar gyara da tagar nuni, kuma ta biyun kake nema. A kwamfutar Mac, Command da Tab ne suke wannan aikin.

Idan ba za ka iya rabuwa da bayananka na sirri ba, ka zauna a Extend, ka jefa tagar Excel zuwa majigi da Windows, Shift da kibiyar dama ko hagu. Sai dai za ka riƙa waiwayen bango domin ganin abin da kake rubutawa, wanda ba na so ga malamin da ya kamata idonsa ya kasance kan ɗalibai.

Tambaya: Ina gabatar da bita ga mata masu ƙananan sana'o'i. Na sayi rimot na sauya shafi, amma duk sanda na nuna bidiyo a intanet na dawo, sai ya daina aiki. In mayar wa mai shago?

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa rimot ɗinki lafiyarsa ƙalau. Kwamfuta tana ɗaukarsa tamkar allon maɓallanta, wato kibod, don haka umarninsa yana zuwa ne ga tagar da aka taɓa a ƙarshe. Idan har yanzu burauza, wato manhajar shiga intanet, ita ce take riƙe da ragama, can saƙon yake tafiya, ko da shafinki ne yake bango. Ki dawo kan shafin ta hanyar danna Alt da Tab, zai ci gaba da aiki. Idan kika danna linzamin kwamfuta, wato maus, a kan shafin, yana iya tsallakawa zuwa na gaba.

Abin da ya fi shi ne kada ki fita ko kaɗan. Ki ajiye bidiyon a kwamfuta tun daga gida, ki saka shi cikin shafin ta sashen Insert, yadda ba ruwanki da ƙarfin sabis a ɗakin taro. Idan wayar majigin VGA ce, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, ba ta ɗaukar sauti, sai kin haɗa lasifika daban. HDMI kuwa tana ɗaukar hoto da sauti tare. Idan ya zama dole ki nemi wani abu a idon jama'a, yawancin rimot ɗin majigi suna da maɓallin Freeze, wanda yake tsayar da hoton da yake bango har ki gama. Kuma ki rufe WhatsApp kafin ki fara, domin saƙon iyali ba na mahalarta ba ne. Duk mai shirin sayen rimot na sauya shafi ya duba ko laftof ɗinsa tana da ramin USB irin na da, domin da shi irin su Logitech R400 suke aiki, kuma wasu sababbin laftof ba su da shi.

Tambaya: Muna da zauren taro, masu jawabi kan zo kowa da laftof ɗinsa. Wace na'ura za mu saya domin mu daina cire waya muna jonawa?

Amsa: Ƙaramar na'urar sauya HDMI mai araha za ta hutar da ku cire waya, amma bango zai yi baƙi na ƴan daƙiƙoƙi a kowane sauyi, domin majigi yana sake gane sabuwar kwamfutar. Na'ura irin ATEM Mini ta kamfanin Blackmagic, mai ramukan HDMI huɗu, tana daidaita hotunan da suke shigowa tun kafin su isa majigi, shi ya sa sauyinta ba ya yankewa. Ta cancanci kuɗinta idan kuna ba da hayar zauren a kai a kai ko kuna yaɗa taro kai tsaye, kuma tana buƙatar mutum ɗaya da zai zauna a kanta. Idan taronku jefi-jefi ne, ku karɓi fayilolin masu jawabi tun ana gobe, ku tara su a laftof ɗaya, ku gwada kowanne a kan majigin zauren kafin a buɗe ƙofa.