Ɗan acaban da saifarsa ta fashe: wace lamba ce a gaba?

Tambayarka ta iso, ƙanena. Ka ce an kawo muku fayil ɗin wani ɗan acaba da ƙaramar mota ta buge a kan titi. Katin sashen gaggawa bai ce komai ba illa rauni a ciki, sai ka ba shi lambar S39.9 ta ICD-10, littafin da ake ba cututtuka da raunuka lamba da shi a rajistar asibiti. Daga baya ka buɗe sauran takardun, ka ga an shiga da shi tiyata an cire saifa, hoton ƙashi ya nuna karaya a ƙashin mara, ga kuma jini da ya kwanta a fatar ciki. Kana tambaya ko lambar da ka sa ta isa, in kuma ba ta isa ba, wacce za ta zo farko.

Ba ta isa ba. Goge ta.

S39.9 lambar raunin da ba a fayyace ba ce, an tanade ta ne don ranar da ka karanta fayil daga bango zuwa bango ba ka sami ko layi ɗaya da ya faɗi abin da ya lalace ba. Shi kuwa katin gaggawa, likita ya rubuta shi ne a tsaye, mutum yana zubar da jini a gabansa, bai riga ya ga cikin ba. Ba da shi ake ba da lamba ba. Takardar sallama za ka fara karantawa, sannan bayanin tiyata, sannan sakamakon hoto. Likitan da ya buɗe cikin ya gani da idonsa, maganarsa ta fi ta kowa nauyi a wannan fayil.

Bari in shimfiɗa maka unguwar tukuna, don ka san inda kake tafiya. A ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, raunuka suna babi na 19, kuma daga S30 zuwa S39 an ware su ga ciki, kwankwaso, ƙashin bayan ƙasa da ƙugu. Lamba ta biyu bayan harafin S tana gaya maka irin raunin, kusan daga waje zuwa ciki. S30 na saman fata ne, S31 buɗaɗɗen rauni, S32 karaya, S33 gocewar gaɓa da targaɗe, S34 jijiyoyi da laka, S35 magudanan jini. S36 kayan ciki ne, S37 kayan fitsari da na ƙugu, S38 murƙushewa ko yankewar wani sashe, S39 kuma sauran da ba su sami gurbi ba. In ka riƙe wannan jeri, za ka ga kusan haka yake maimaituwa a kai da wuya da ƙirji.

To mutumin naka. Saifa S36.0 ce, ita ce babbar lambarsa. Kundi na 2 na ICD-10, wato littafin ƙa'idoji da yawancin yara ba sa buɗewa, ya faɗa ƙarara cewa idan raunin kayan ciki ya zo tare da raunin saman fata ko buɗaɗɗen rauni kawai, na cikin ne babba. Saboda haka jinin da ya kwanta a fata, S30.1, ba ya ma cikin takara. In ofishinku yana rubuta ƙananan raunuka, sa shi a ƙarshe. Takarar gaske tana tsakanin saifa da karayar. A nan ana duba wanda ya fi tsanani kuma ya fi cin aikin asibiti a wannan kwanciyar. Saifa ce ta kai shi ɗakin tiyata, karayar kuwa ka ce hutu a gado kawai aka rubuta mata. Don haka S36.0 a gaba, S32.5 a bayanta. Da a ce raunukan biyu sun yi kunnen doki, likita bai fifita ɗaya ba, akwai S39.7 ta raunuka da yawa a wannan yanki, sai ka jera kowane ɗaya a ƙarƙashinta. Ni dai ba na gaggawar zuwa can, na fi son in ɗauki fayil in je in tambayi likitan.

Akwai ƙarin lamba ta biyar da littafin ya bari ga wanda yake so. A S36 da S37, sifili yana nufin babu rauni da ya huda zuwa cikin kogon ciki, 1 kuma akwai. A S32, sifili karaya ce a rufe, 1 a buɗe, kuma idan ba a rubuta ko wacce ba, a rufe ake ɗaukarta. Ɗan acabanka buguwa ce ba huda ba, sai ya zama S36.00 da S32.50, in rajistarku tana da gurbin wannan lamba. Wanda aka daɓa wa wuƙa ta kai ga hanta, shi ne S36.11.

Ba ka gama ba sai ka sa musabbabi. Babi na 20, daga V01 zuwa Y98, shi ke faɗin yadda abin ya faru, kuma a aikin asibiti ba ya zama babbar lamba, rakiya yake yi. Mai tuƙa babur da ya yi karo da ƙaramar mota a kan titi V23.4 ne; da fasinja ne aka goyo, V23.5. Masu Adaidaita Sahu suna da nasu gida daban, V30 zuwa V39 na abin hawa mai ƙafa uku, kada ka cusa su cikin babura. Wanda saniya ta soka da ƙaho W55, wanda ya faɗo daga bishiya W14, wanda aka sara ko aka soka da gangan X99. Wannan layin ne ake yawan bari fanko, alhali shi kaɗai ne zai nuna wa masu tsara aiki ko babura ne ke cika gadajen tiyata ko faɗan daba.

Tunda ka shigo wannan yanki, ga wuraren da ake zamewa. Ƙoda tana can baya a cikin ciki, hankalinka zai kai ka S36, amma littafin ya haɗa ta da mafitsara da mahaifa a S37: ƙoda S37.0, mafitsara S37.2, hanyar da fitsari ke bi ya fita S37.3, mahaifa S37.6. Duk lokacin da ka ga karayar ƙashin mara, sake duba fayil ko an ambaci jini a fitsari da abin da aka gano, domin wannan karayar takan taɓa mafitsara ko hanyar fitsari. Amma duba na ce, ban ce ka ƙirƙira ba. In likita bai rubuta raunin ba, babu lamba.

Haka nan wajen gaɓar cinya. Kwarmin da kan ƙashin cinya ke zama a ciki na ƙugu ne, S32.4. Wuyan ƙashin cinyar kansa ba na unguwar nan ba ne, S72.0 ne. Tsohuwa ta zame a banɗaki, an rubuta karaya a wannan wuri, sai ka nemi rahoton hoto ka ga wane ƙashi ne kafin ka ɗora biro.

Ciwon kwankwaso shi ma yana ruɗa yara. Lebura da ya ɗaga buhu, nan take bayansa ya riƙe, likita ya rubuta targaɗen ƙashin baya, S33.5 ne. Wanda ya shekara yana fama da ciwon baya ba tare da faɗuwa ko buguwa ba, ba rauni ba ne, M54.5 ne a babin ƙashi da tsoka. Abin da kuma ya faru wajen haihuwa bai shigo babi na 19 ba sam. Fashewar mahaifa a naƙuda O71.1 ce, ba S37.6 ba. Matar da ta zo da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, ba za ka ba ta S37.2 ba, yoyo tsakanin mafitsara da farji yana da tasa lamba, N82.0.

Na ga a ƙasan saƙonka ka kwafo wata doguwar lamba mai ƙarewa da harafin A daga intanet, kana tambaya ko tamu ta tsufa ne. Ba ta tsufa ba, littafi ne daban. Wannan ICD-10-CM ne, gyaran Amurka, wanda suka fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015. Su lambarsu takan kai gurbi bakwai, harafin ƙarshe yana nuna matakin jinya: A ana cikin maganin raunin, D bibiya lokacin warkewa, S larurar da ya bari a baya. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya ba shi da wannan harafi. Abin da tsohon rauni ya bari yana T90 zuwa T98, misali T91.5 ga raunin kayan ciki da na ƙugu. Kada ka gauraya su a rajista ɗaya, lissafin wata zai lalace. ICD-11, sabon bugun Hukumar, shi ma ya fara aiki tun 1 ga Janairu 2022, amma sai ranar da aka umarci ofishinku ya sauya za ka taɓa shi.

Sannan ka daina ba da lamba da ka, ko da ka haddace. Nemo kalmar a kundi na 3 mai jerin haruffa, ka koma kundi na 1 mai jerin lambobi ka tabbatar, ka karanta abin da aka ce ya shiga da abin da aka ce bai shiga ba a ƙarƙashin lambar. Gyara fayil ɗin ɗan acaban haka: S36.0, S32.5, S30.1, V23.4. Sauran fayilolin da ka ba S39.9 a watan nan kuma, ka ciro su ka sake karanta takardun sallamarsu, ka turo mini waɗanda suka gagare ka ba tare da sunan majiyyaci ba.