Ragon ne ko tunkiyar ke sa ɗa saurin girma?

Tambaya: Likita, na sayi ƙaton rago na sa a garkena don in sami 'ya'ya manya. Tumakin sun haihu, amma wasu 'ya'yan ƙanana ne, har sun yi wata guda ba su cika ido ba. Ko ragon ne ba shi da iri mai kyau?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin yanke wa ragon nan hukunci, wata guda ya yi kaɗan a gane aikinsa.

Gaskiya ne ɗan rago yana ɗaukar rabin gadonsa daga uba, rabi daga uwa. Kuromosom, wato 'yan zaren da ke ɗauke da gado, guda 54 ke cikin ƙwayar halittar tumaki, kowanne daga cikin iyayen ya ba da 27. Sai dai uwa tana da ƙarin hannu da uba ba shi da shi. Ita ce ta ɗauki cikin wata biyar, kuma mafi yawan nauyin ɗan yana ƙaruwa ne a makonni shida na ƙarshe. In tunkiya ta rame a wannan lokacin, ko wane irin rago ne ya yi mata barbara, ƙaramin ɗa za ta haifa. Bayan haihuwa kuma dakashi da nononta ne abincinsa kusan kacokan a makonnin farko. Yawan nonon ma gado ne, amma na uwar.

Shi ya sa a nauyin haihuwa, abin da gadon ɗan kansa ke bayyanawa na bambancin da ke tsakanin 'ya'ya yakan tsaya wajen kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Wannan kaso yana ƙaruwa bayan yaye, lokacin da ɗan ya koma kiwo da bakinsa. A nan ne jinin ragonka zai fito fili.

Kafin ka kwatanta, duba wa kake kwatantawa da wa. Tagwaye sun fi tilo ƙanƙanta, namiji yakan fi mace nauyi, tunkiya mai haihuwar fari kuma ba ta cika ba da babban ɗa ba. Abin da ke damuna shi ne makiyaya da yawa sukan sayar da tunkiya mai tagwaye don 'ya'yanta sun yi ƙanana, alhali in an haɗa nauyinsu ta fi mai tilo amfani.

Ka nemi sikeli da littafi. Auna kowane ɗa ranar haihuwa, ka sake aunawa da ya kai kwana 90, ka rubuta uwarsa da ko tilo ne ko tagwaye. Kada ka bar ragon ya hau 'ya'yansa mata, domin barbara tsakanin dangi na kusa tana rage girma. Kuma kada ka matsa sai ɗa ya fito ƙato, musamman in tumakinka ƙanana ne, don babban ɗa yakan maƙale wajen haihuwa, a rasa shi har da uwar.