Karatun Sarrafa Abinci Zai Ciyar Da Yaro a Kano?

Malam, ka tambaya ko ɗanka zai sami abin yi in ya karanta fasahar sarrafa abinci. Ka leƙa kasuwar 'Yankaba lokacin kakar tumatir, ka ga kwandunan da ke ruɓewa, alhali da damina sai mai hali ke sayensa. A wajen Kura da Kadawa, manoma da yawa a ƙasa suke shanya kauɗa, ƙura da yashi na shiga. Wanda ya iya busarwa cikin tsabta, ya ƙulla a leda, ya sami lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba zai rasa kasuwa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wuta: ɗakin sanyi a kan janareto yana cinye riba. Ni in da ɗana ne, da busarwa zai fara.