Amsa ga maman yarinyar da aka kwantar a Gee, wato asibitin Komfo Anokye na Kumasi

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗun yarinya. Na ga kin ce likitoci a Komfo Anokye sun gano kansar ƙoda a jikin ɗiyarki, kina tambaya ko akwai masu taimakawa da kuɗi, kuma dangi sun matsa a haɗa mata da na gargajiya. Ni ɗan ƙanwata na yi jinya a nan Kumasi, nashi na muƙamuƙi ne wanda suke ce ma Burkitt, yanzu alhamdulillahi yana makaranta.

Fara da katin NHIS ɗinta, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Ghana, in ya mutu ki sabunta yau ɗin nan, ta waya ma ana yi da *929#. Tun 2021 aka sanar an sa kansar yara kala 4 a ciki, ta jini, ta ido, Burkitt da ta ƙoda irin ta ɗiyarki wato Wilms. Amma fa kati baya biyan motar haya ta trotro, baya sayen koko, baya biyan kasuwar da kika rufe, nan ne ƙungiyoyi ke shigowa. Ƙungiyar World Child Cancer sun daɗe suna aiki da Gee da asibitin Korle Bu na Accra, akwai kuma ƙungiyar iyaye GHAPACC. Kar ki tsaya nemansu a Facebook, ki samu babbar nas ta wod ɗin ko ofishin soshal welfeya ki faɗa masu halin da kike ciki tsakani da Allah, mu mutanen zango kunya tana cutar mu, mace bata da ko sidi biyar amma a tambaye ta ta ce lafiya lau. Kuma in liman zai yi sanarwa ranar Juma'a, don Allah kar ya tsaya a kuɗi kawai, ya roƙi samari su je su bada jini, yaran nan suna shan ƙarin jini sosai, mu dai samarin unguwar Aboabo ne suka rufa mana asiri.

To maganar gargajiya, a nan nake so ki saurare ni da kyau. Addu'a, tofi, karatu a kanta, ki yi ta yi ba dare ba rana, babu likitan da zai hana ki. Rubutu in za a ba ta, a wanke da tafasasshen ruwa a kofi mai tsabta, domin kemo, wato maganin kansa na asibiti, tana karya garkuwar jiki, ƙwayar cutar da ba zata yi ma ni da ke komai ba ita sai ta kwantar da ita. Amma jiƙo, sassaƙe, ganyen bishiyar aluguntugui (soursop) da ake ta yaɗawa a WhatsApp, har man habbatus sauda, kar ya shiga bakinta sai kin nuna ma likita kwalbar da hannunki. Hanta da ƙoda ne ke tace maganin asibiti, ita kuwa ga ƙoda ɗaya a matsala, wataƙila ma cire ta za a yi, ai ba a ƙara ma ɗayar kaya. Kuma kar kowa ya danna mata ciki da sunan tausa, ko kakarta ce, kumburin na iya fashewa. Tafin ƙafa da hannu dai ki shafa mata man kaɗe a hankali, namu da haka yake barci in amai ya dame shi. Ki sai mata kalar zane da takarda, ki bar ta ta yi wasa da sauran yara in tana da ƙarfi, wallahi namu yaron ranar da ya yi wasa ya fi cin abinci.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kumburi na saurin sauka bayan kemo na farko, sai dangi su ce ai jiƙon ne ya yi aiki ko ta warke, a daina zuwa. Na ga wata ta tafi da ɗanta ƙauye haka, da suka dawo ciwon ya riga ya bazu. Ranar da aka rubuta maki a kati ki je, in babu kuɗin mota ki kira nas ki faɗa.

Ki sayi abin gwada zafin jiki ki ajiye a jaka. In kuna gida zafin jikinta ya kai 38, kar ki ba ta parasitamol ki ce sai gari ya waye, ko ƙarfe biyun dare ne ki nemi taksi ku tafi, kina isa ki ce masu tana kan kemo.