Ku Tambaya Mu Amsa: Zari-ruga, Ƙungiyoyin Larduna da Tsofaffin Kofuna

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon tambayoyin zari-ruga ne suka taru mana, na haɗa su wuri ɗaya tunda duk kan abu guda suke zagaye. Masu tambayar ƙwallon ƙafa ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ranar Asabar mun je gidan kallo a Samaru da wuri, kafin a fara Firimiya sai mai gidan ya bar tasha a kan zari-ruga, na ga an rubuta Currie Cup, ƙungiya ɗaya kuma sunanta Western Province. Wai su sunan lardi suke sa wa ƙungiya ba sunan gari ba? Kuma tun yaushe ake wannan kofin? Daga wani ɗalibi, Samaru.

AMSA: Ƙanena ka yi sa'a, domin abin da ka gani ɗin nan yana cikin tsofaffin gasannin zari-ruga a duniya kakaf. A Afirka ta Kudu tun 1889 larduna suka fara karawa da juna. Shi kofin kuwa ya zo ne a 1891, lokacin da wata tawagar Birtaniya ta je yawon wasa ƙasar, sai wani attajiri mai kamfanin jiragen ruwa, Sir Donald Currie, ya ba su kofi ya ce su miƙa wa duk wanda ya fi ba su wuya. Turawan nan sun cinye duk wasanninsu, amma mutanen Griqualand West, wato yankin Kimberley garin lu'ulu'u, su ne suka fi tsaya musu a wuya, sai aka ba su. Su kuma maimakon su kulle shi a kabad sai suka miƙa wa hukumar ƙasa aka mayar da shi kofin larduna, aka fara cin sa a 1892, Western Province ta yankin Cape Town ta fara ɗauka, kuma har yau ita ta fi kowa yawan ɗaukarsa.

Dalilin sunan lardi kuwa, tsarin ne haka tun asali. Kana wasa a ƙaramin kulob na unguwarku ko makarantarku, in ka yi fice sai a zaɓe ka cikin tawagar lardi, daga lardi sai tawagar ƙasa. Kenan rigar lardi ba sayenka aka yi ka sa ta ba, zaɓo ka aka yi daga cikin 'yan uwanka, shi ya sa abin yake da zafi a zuciya. Blue Bulls ɗin nan na Pretoria, a da Northern Transvaal ake ce musu, a 1938 suka ɓalle daga Transvaal suka tsaya da ƙafarsu, kuma gabarsu da Western Province ta kai inda in za su haɗu ƙasar ce take rabewa biyu, arewa da kudu. Ni wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Natal, waɗanda yanzu ake kira Sharks. An kafa hukumarsu a 1890, ba su taɓa ɗaga kofin nan ba sai a 1990, shekara ɗari cif suna jira, kuma a gidan Bulls ɗin suka je suka ci shi. Ka duba kakanni nawa ne suka rasu suna cewa baɗi namu ne.

Amma fa kar in ba ka rabin labari. Shekaru masu yawa kofin nan na farar fata ne zalla saboda mulkin wariya, baƙaƙe da 'yan ruwa biyu suna da nasu hukumomin da nasu gasannin daban, musamman a Eastern Cape inda baƙar fata suka daɗe suna buga wasan nan tun ƙarni na 19 a filayen da ko ciyawa babu. Sai a 1992 aka haɗe hukumomin. Daga wannan yankin Siya Kolisi ya fito, unguwar Zwide ta talakawa, ya zama baƙar fata na farko da ya yi kyaftin ɗin Springboks, wato tawagar ƙasar Afirka ta Kudu, a 2018, ya ɗaga Kofin Duniya a 2019 ya kuma maimaita a 2023. In ka ji ana cewa baƙaƙe sabbin shiga ne a wasan, wallahi ba haka ba ne, hana su ƙofa aka yi.

Tunda ka tambayi larduna bari in ƙara maka da na Niyu Zilan, don nasu salon ya fi na kowa burge ni. Suna da wata garkuwa, Ranfurly Shield, da gwamnan ƙasar na lokacin ya bayar, aka fara karawa a kanta a 1904. Ita ba a yi mata rukuni ko wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ke riƙe da ita yana zaune a gidansa, kai mai so sai ka taso ka zo har filinsa, in ka doke shi ranar ka tafi da ita a motarka, in kun yi kunnen doki ta zauna inda take. Auckland ta riƙe ta daga 1985 zuwa 1993, ta kare ta sau 61 a jere kafin Waikato ta ƙwace. Kuma ƙaramin lardi ma yana iya yin abin mamaki, kamar yadda Marlborough ta je ta ƙwato ta a hannun Canterbury a 1973. Gasar lig ta lardunansu sai a 1976 ma aka fara ta, garkuwar ta girme ta nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Don Allah mene ne bambancin yuniyon da lig? Wani lokaci in ƙirga mutum 15 a fili wani lokaci 13. Daga wani malamin firamare, Tudun Wada.

AMSA: Malam ƙirgarka daidai take, wasa biyu ne, kuma kuɗi ne ya raba su. An kafa hukumar zari-ruga ta Ingila a 1871, masu riƙe da ita 'yan boko ne masu hali na kudu, suka ce haramun ne a biya ɗan wasa ko sisi. To a arewacin Ingila masu wasan leburori ne, 'yan haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa, in mutum ya bar aiki ranar Asabar ya je wasa an yanke masa kuɗin yini, in ya karye kuma iyalinsa sun shiga uku. Kulob-kulob ɗinsu suka ce a bari mu riƙa mayar musu da abin da suka rasa, aka ƙi. Sai ƙungiyoyi 22 suka taru a wani otal a Huddersfield a watan Agustan 1895 suka ɓalle, daga baya suka rage 'yan wasa zuwa 13, shi ne lig. Yuniyon mai mutum 15 ta ci gaba da taurin kai har 1995 kafin ta yarda a biya albashi a fili. Ni dai a wannan rigimar ina bayan leburorin nan ɗari bisa ɗari, mai ƙoshi ne kawai zai ce wa mai neman na tuwo ya yi wasa don sha'awa.

TAMBAYA: Yaya, muna musu da abokaina a majalisa. Ni na ce da za a narkar da ƙananan ƙungiyoyi a yi babba guda ɗaya ta yanki, ko a ƙwallon ƙafa ko a wane wasa, da an fi ƙarfi, na ji ma an ce haka Wales ta yi a zari-ruga. Su kuma sun ce ba zai yi ba. Wa ya fi gaskiya? Daga wani tela, Sabon Gari.

AMSA: To ɗan uwa, kowa a cikinku ya riƙe wani gefe, amma in ka matsa min zan ce abokanka sun ɗan fi ka, ga dalili.

Da aka fara biyan albashi a 1995 sai kowace ƙasa ta shiga neman yadda za ta ɗauki nauyin abin. Ingila da Faransa suka bar kulob-kulob na gari a hannun masu kuɗi, su dama Faransa tun 1892 suke gasarsu ta ƙasa, kuma har yau ƙaramin gari irin Castres yana iya zama zakara, ya yi a 2013 ya sake a 2018. Niyu Zilan ta tattara lardunanta cikin manyan ƙungiyoyi biyar don gasar Super 12 da aka fara a 1996, su Crusaders da Blues, amma ba ta kashe lardunan ba, suna nan a ƙasa suna gasarsu da garkuwarsu. Ailan kuwa ba ta sha wahala ba sam, don tana da larduna huɗu tun fil azal, Leinster da Munster da Ulster da Connacht, sunaye ne da mutum ya gada tun kafin a san wani abu wai shi zari-ruga. Mutumin Limerick ba sai an koya masa shi ɗan Munster ba ne, har yau suna ba jikoki labarin ranar da Munster ta doke All Blacks, wato tawagar ƙasar Niyu Zilan, 12 da nema a 1978. Da kuɗi ya shigo sai kawai aka zuba shi cikin rigar da mutane suka riga suka sani, sakamako kuma ya fito, Ulster ta ci Kofin Turai a 1999, Munster a 2006 da 2008, Leinster har sau huɗu.

Wales fa? Su ƙarfinsu a garuruwa yake, ƙananan garuruwan masu haƙar kwal da ƙarfe inda kulob shi ne komai, Llanelli, kulob ɗin gari guda, ta taɓa doke All Blacks 9 da 3 a 1972. Amma kuɗin riƙe manyan kulob tara babu, sai a 2003 hukuma ta zauna ta mayar da su yankuna biyar. Aka haɗa Neath da Swansea aka ce sunansu Ospreys, aka haɗa Pontypridd da Bridgend aka ce Celtic Warriors. Warriors ɗin nan a fili ba su da laifi, har Wasps ta Ingila suka je suka doke a gidanta, alhali Wasps ce ta ci Kofin Turai a kakar. Amma kaka ɗaya tak suka yi aka rufe su a 2004, ga bashi ga rigimar inda za a riƙa buga wasa, mutanen Pontypridd da yawa kuma suka koma kallon ƙaramin kulob ɗinsu suka ƙi bin kowa. In zan yi adalci, tsarin ya taimaki tawagar ƙasa, Wales ta lashe duk wasanninta a gasar ƙasashe shida a 2005 da 2008 da 2012 da 2019, Ospreys ma ta ci gasar da suke bugawa tare da ƙungiyoyin Ailan da Scotland sau huɗu. Sai dai har yau babu yankin Wales ko ɗaya da ya ci babban Kofin Turai, kuma maganar kujeru babu kowa a filayensu ba ta ƙare ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai, a wannan shekarar dai ta 2003 hukumar Ailan ta so rufe Connacht saboda ita ce mafi talauci, mutanen yankin suka yi tattaki har ƙofar ofishin hukumar a Dublin, dole aka fasa. A 2016 Connacht ɗin nan ta zama zakarar gasar da Ospreys ta ci. Kai da kake Sabon Gari ai ka san gidan dambe, ɗan Kudu da ɗan Jamus da ɗan Guramada, ba wani kwamiti ne ya zauna ya raba musu ba, kuma ranar da aka ce an haɗe Kudu da Jamus an sa musu sabon suna don a rage kashe kuɗi, ka san rabin 'yan kallo ba za su sake sayen tikiti ba. Saboda haka in za a yi ta yanki a yi, amma a ɗora ta a kan sunan da mutane suke amsawa da kansu, kuma a bar ƙananan su ci gaba da numfashi a ƙasa, daga cikinsu ake samo yaran.

TAMBAYA: Mu a Najeriya ana yi kuwa? Ɗana ya dame ni shi sai ya buga, ni kuma tsoron karaya nake. Daga wata uwa, Gyallesu.

AMSA: Hajiya ana yi, tawagar ƙasa sunanta Black Stallions, akwai kulob irin Cowrie a Legas da Barewa a Kano, sai dai ba mu taɓa zuwa Kofin Duniya ba, alhali Zimbabuwe da Namibiya da Kodebuwa duk sun je. Ba ƙarfi muka rasa ba, Maro Itoje da ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025 iyayensa 'yan Najeriya ne. Abin da babu shi ne gasa mai ɗorewa da yaro zai taso yana gani duk shekara. Da ni za a tambaya, nan Zariya da yawan makarantun da muke da su, da an fara da mai mutum bakwai-bakwai wanda Kenya ta yi suna a kai, a sa garkuwa ɗaya irin ta Niyu Zilan tsakanin Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada da cikin Birni, mai so ya je ya ƙwato.

Tsoronki kuma yana kan hanya, wasa ne na karo, ana jin ciwo, musamman a kai da kafaɗa. Yara ƙanana ba da kayarwa ake fara musu ba, akwai wanda ake ɗaura ƙyalle a ƙugu, in an fizge ƙyallen kamar an kama ka ne, babu faɗuwa babu turereniya. Ki bar shi ya fara da wannan a hannun koci wanda ya san aikin, ki saya masa robar kare haƙori, kuma kar ki yarda ya yi na kayarwa a busasshen fili lokacin rani, ƙasar nan tamu in ta bushe ba ta da tausayi. In ya taɓa buguwa a kai ya ce yana jin jiri ko amai, a fitar da shi nan take a kai shi asibiti, kar wani ya ce masa ya daure ya ƙarasa.